Ɗan Akwatin da Ke Ƙirjin Malam

Asabar, da hantsi

Ni Asabe lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da ba ta rabuwa da ni. Fadila lafiya, jiya ta zo daga makarantarsu ta Aliero, ta rame, ta ce karatu ne. Yayarta da ke aure a Alelu lafiya, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura. Akuya ta daina zawo. Malam, maigidana, yana ci, yana sha, yana salla. An cire masa zaren ɗinkin goshi. Idon dai yana nan yadda yake.

Haka malamarmu ta ajin manya ta koya mana, wai duk rubutu a fara shi da lafiyar gida. Na shiga ajin nan furfura ta riga ta fito mini, don in riƙa karanta takardar magani da kaina. Ban san wata rana zan rasa wanda zan gaya wa magana ba sai takarda.

Malam ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana kwasar albasa daga Aliero zuwa kudu. Tun damina, da idonsa ya daina gani, ya ajiye makulli. Kwanaki ya tashi zai fita zaure shi kaɗai, ya yi karo da bakin ƙofar ƙarfe, goshi ya tsage. Ban san wa ya kai labari ƙauyensu Andarai ba. Yaya Jibrilla, wansa, ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in zaman nan ya fi ƙarfin Malam zai tafi da shi gida.

Gida ya ce. To nan ɗin mene ne? Gidan da Malam ya gina ɗaki bayan ɗaki, duk tafiya kudu a ƙaro bulo.

Na share gida. Na rasa abin yi, na sake sharewa.

Asabar, bayan la'asar

Fadila ta buɗe jakarta a tsakar ɗaki ta fito da wani ɗan akwati, bai fi sabulun wanki girma ba. A gabansa akwai abubuwa biyu zagayayyu kamar marfin kwalba, a bayansa ɗamara. Ta ce shi ne aikinta na gama makaranta.

Ta ce, "Inna, kin san jemage?"

Na ce, "Ni za ki tambaya jemage? Su da sunka ƙare muna mangwaro."

Ta ce jemage yana yin wani kuka siriri da kunnen mutum ba ya ji. Kukan ya bugi bango ya dawo masa, daga daɗewar dawowarsa ya san nisan bangon. Ta ce akwatin nan haka yake. Marfi ɗaya yana aika ƙara, ɗayan yana sauraro, abin da ke ciki yana ƙirga lokacin da ƙarar ta yi tafi da dawowa, ya fitar da nisa. In abu yana nesa ya yi shiru. In an matso ya fara ɗit, ɗit. In an kusa bugawa ya haukace.

Ta buɗe ta nuna mini wani koren faifai mai ɗan baƙin abu a tsakiya. Ta ce yawancin na'urori kamar gasasshiyar tukunya suke, yadda aka yi su haka za su mutu. Wannan kuwa ɗanyar laka ce. Sai ta rubuta abin da take so a kwamfuta, ta jona waya, cikinsa ya sake tsari. Ban gane duka ba, amma na gane laka.

Malam yana kwance, na ɗauka barci yake. Sai muka ji ya ce, "Wanga ai irin na motocin yara na, masu kuka in za a yi ribas. Ni da nake ribas da tirela cikin kasuwar albasa, ko kwando ban taɓa takewa ba."

Fadila ta ce, "To Baba, yau kai ne tirelar."

Na ɗaga hannu zan make mata baki. Sai ga shi yana dariya, har da tari. Tun damina ban ji wannan dariya ba.

Lahadi, da safe

Na share, na kwashe kaya, sannan suka fara.

Ta ɗaura masa a ƙirji, bisa riga. Ya miƙe daga bakin gado, hannu gaba kamar kullum. Ta ce ya sauke hannun. Bai so ba, amma ya sauke. Ya taka, ya taka, abin ya ce ɗit. Ya tsaya cak.

"Mi na na?"

"Kwabet ne, Baba. Juya dama kaɗan."

Ya juya, abin ya yi shiru. Ya ce, "Af, shi ma ya san dama."

Sun yi ta yi har rana ta ɗaga. Sau biyu ya bugi kafaɗa, sau ɗaya ya zagi akwatin, ya ce ko yaron mota da aka ɗauko jiya ya fi shi hankali. Ni ina bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, ban san ina riƙe da ita ba.

Lahadi, azahar

Ban iya cin abinci ba.

Talata, bayan azahar

Abin ya fara ƙarya.

Da safe Fadila takan ja tef ɗin awo daga bango zuwa inda babanta yake tsaye, ta duba lambar da ke kwamfuta, su zo daidai. Da rana ta take, kwanon ɗaki ya ɗauki zafi, sai lamba ta kauce. Ba da yawa ba, kamar faɗin yatsu huɗu in ɗaki ya yi tsawo. Na ce wannan ai ba komai ba ne. Ta ce, "Inna, yatsu huɗu ne tsakanin goshi da ƙofa."

Ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, gumi yana ɗiga a kan kwamfutar. Can ta ɗago ta ce zafi ne. Wai ƙara ta fi gudu a iska mai zafi, ita kuwa ɗakin gwajinsu na makaranta sanyi ake hura masa, a can ta saita shi. Malam ya ce, "Ashe har ƙara na gudun zafin Jega."

Ta hau mota ta koma Aliero ɗauko wani ɗan abu mai auna zafi. Ta ce za ta liƙa masa, ta sake rubuta masa yadda zai riƙa lissafi.

Gidan ya yi shiru. Malam ya koma kwanciya fuska ga bango.

Laraba, da hantsi

Ba ta dawo ba. Wuta ma ba ta zo ba. Na leƙa ƙofa, na leƙa ƙofa.

Alhamis, bayan la'asar

Ta dawo. Lamba ta daidaita, safe da rana. Na yi dambu.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Kande maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta zauna, ba rariyar ta kawo ta ba.

Ta ce, "Asabe, ke kam mi kike tsoro? Andarai ai ba lahira ba ta. Gidan gandu, mutane cike, wanga shi kai shi masallaci, wanga shi maido shi. Ke ma ki huta."

Na ce, "Awo."

Ta ce, "Ko ajin naku na boko kike jin bari?"

Na ce, "Ga rariyar."

Ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa ya yi mini zafi. Yaya Jibrilla ba mugu ba ne. Shi ya riƙe su da mahaifinsu ya rasu, shi ya sayar da bijimi ya kai Malam koyon mota. Amma na san zaman da za a yi a can. A shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya tun safe, duk mai wucewa ya ce sannu, Allah shi ba da lafiya, a kama hannunsa a tafi, a kama hannunsa a dawo. A nan ya san inda rana take faɗowa da hantsi. Ya san ƙarar ƙofar kowane ɗaki. Tsofaffin abokan aikinsa in sun sauke kaya a tasha suna biyowa su yi gardamar hanya, ya fi su baki. Wa zai bi shi Andarai ya yi masa gardama?

Yau kuma labule ne ya ba su wahala. Ƙarar tana nutsewa cikin yadi ba ta dawowa sosai, abin ya rikice. Fadila ta ce in ɗage labulen ƙofofi. Na ɗage. Gidan ya zama tsirara, kowa ya shigo yana ganin gadona. Na haƙura.

Litinin, da sassafe

Na share, na kwashe, na shiga madafa. Ina hura wuta na ji ɗit, ɗit, shiru, ɗit. Na leƙo.

Malam ne. Shi kaɗai. Fadila tana wanka. Ya fito ɗakinsa, ya bi falo, ya kauce wa kwabet, ya zo bakin ƙofar ƙarfen nan. Abin ya haukace. Ya tsaya, ya ja baya taku ɗaya kamar mai gyara mota, ya karkata, ya wuce ta tsakiya, ko rigarsa ba ta taɓa ba. Ya shiga zaure ya zauna a kan dakali.

Na koma madafa. Hayaƙi ne ya sa ni hawaye.

Can ya ɗaga murya, "Asabe! A kawo min kunu nan. Yau waje nike sha."

Litinin, azahar

Ya sake yi. Ya sake. Har na gaji da ji.

Laraba, bayan magariba

Yaya ya kira. Ranar Asabar zai zo, shi da ƙanensu Abdulmumin.

Fadila ta ce, "Baba, a nuna musu." Malam ya ce, "A nuna." Ni na so a bari. Na so kawai su same shi zaune a zaure cikin farar riga, ya yi musu hira, su ci abinci su tafi. Amma wa zai ji tawa? Su biyun sun zama abokan juna, ni ce bare. Tana ce masa direba, yana ce mata injiniya.

Juma'a, da hantsi

Na surfa gero, na sayo nono mai kyau, na aika an yanko kaza. Na wanke tabarmi. Na goge kwanonin da ba a taɓawa sai da baƙi. Gwiwa tana ta yi, ban kula ta ba.

Idon yana nan yadda yake. Ban san me ya sa nake ta rubuta haka ba.

Asabar, bayan la'asar

Sun zo. Sun tafi.

Lahadi, da hantsi

Jiya kalma huɗu kawai na iya rubutawa. Yau zan rubuta, ko zai fita daga kaina.

Sun iso kafin azahar. Na shimfiɗa musu tabarmi a falon Malam, suka jingina da bango suka miƙe ƙafafu. An gaisa, an tambayi mutanen gida, an tambayi shanu. Bayan salla na kawo abinci na ajiye a tsakiya kamar yadda ake yi: tuwon shinkafa, miya da zafinta a babban kwano, fura a ƙwarya, ruwan wanke hannu. Na durƙusa na ce bisimilla, na ja baya bakin ƙofa.

Yaya ya dubi Malam ya ce, "Alu, matso mu ci."

Malam ya ce, "Yaya, dakata ka ga wani abu tukun."

Fadila ta kama shi ta kai shi uwar ɗaki, ta ɗaura masa. Ta fito ta tsaya kusa da ni.

Ya fito. Hannuwa a ƙasa. Ɗit, ya kauce wa bakin ƙofa. Ɗit, ɗit, ya kauce wa kwabet. Abdulmumin ya ce, "Ikon Allah." Yaya kuwa na ga ya gyara zama. Malam ya juya ya koma, ya sake fitowa, wannan karo da sauri. Ya ɗaga kai. Wallahi tafiyarsa ta da ce, ta lokacin da yake saukowa daga mota yana kaɗa makulli.

Ya ce, "Yaya, ka gani?" Ya nufo muryar wansa.

Na ga abin da zai faru. Na buɗe baki, amma ina surukuwa gaban manya, sunan da zan kira ma ban iya kira ba. Abin yana shiru. Shiru. Ƙafarsa ta dama ta shiga kwanon miya har idon sawu. Ya yi ƙara, ya zame, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan ƙafafun Yaya. Ƙwaryar fura ta kife a farar rigar Yaya.

Sai da ƙirjinsa ya fuskanci ƙasa sannan abin ya kama kuka. Ɗiɗiɗiɗi, ba tsayawa, a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya san yadda ake kashe shi sai Fadila, ita kuwa ta ƙame a tsaye. Aka ɗaga shi yana ta kuka a ƙirjinsa.

Yaya da kansa ya wanke masa ƙafar da ruwan wanke hannu. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dubi Fadila ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, kin yi ƙoƙari. Amma ubanki ba abin wasa ba na."

Ya dubi Malam ya ce, "Juma'a ta sama, in an sauko masallaci, mota za ta zo. Ku kintsa."

Malam ya ce, "To, Yaya."

Shi ke nan abin da ya ce. To, Yaya.

Lahadi, bayan azahar

Fadila ta tafi. Ta ɗauki kwamfutarta, ta bar akwatin a kan kwabet. Ta durƙusa bakin ɗakin babanta ta ce sai ta dawo, da wata murya kamar ba tata ba. Ya ce Allah shi kiyaye hanya. Ban da wannan ba su ce wa juna komai ba tun jiya.

Na bi ta zaure na ce ta ci wani abu. Ta ce, "Inna, na ƙona shi gaban 'yan uwansa." Na ce ba ke ba ce. Ta ce, "To wa?" Ta fita.

Litinin, da safe

Ƙafar ta tashi. Na shafa maganin da mai kemis ya ba da.

Talata, la'asar

Na kira, tana ringin ba a ɗauka. Na kira, na kira.

Na sauke labulen ƙofofi na mayar. Na sake ɗagewa. Ban san me nake yi ba.

Laraba, da hantsi

Yau na gane wani abu, kuma tun da na gane shi ban zauna ba.

Malam ya tashi zai je bayi, yana ɗingishi, hannu a bango. Ina tafe da kwanon tsaki a hannu. Sai na ga ƙafata ta ture buta daga gabansa. Ban sa ta ba, ita ta yi da kanta. Ta ture buta, ta ture takalmi, ta ja kujerar tsugunne gefe, ni ina kallon ta kamar ƙafar wata.

Tun damina haka nake. Kafin ya motsa na riga shi. Buta, tsintsiya, kwano, tabarma, abin sallar da aka bari a shimfiɗe. Ban taɓa gaya wa kowa ba don ban san ina yi ba. Duk gwajin da Fadila ta yi a gidan nan, a kan ƙasar da na riga na kwashe ta yi shi. Ba ta taɓa ganin babanta ya nufi wani abu da ke ƙasa ba, balle ta ga akwatin bai gan shi ba. A makarantarsu kuma ta ce komai a kan tebur yake, mutane a kan kujeru, abin da za a kauce wa duk yana tsaye daidai ƙirji.

Mu kuwa a ƙasa muke rayuwa. A ƙasa muke ci, a ƙasa muke salla, a ƙasa muke karɓar baƙi. Rana ɗaya da ban isa in kwashe ba, don abincin manya ne kuma ni na ajiye shi da hannuna, ita ce ranar.

Na kira ta in gaya mata. Wayar a kashe.

Alhamis, bayan azahar

Na samu Salma, wadda suke ɗaki ɗaya. Ta ce, "Inna, lafiyarta lau, tana shiga aji, sai dai ba ta magana." Na ce a ba ta. Na ji suna ƙus-ƙus, sannan Salma ta ce wai ta fita.

Kafin ta kashe ta rage murya ta ce Fadila ta je wurin malamin da ke duba aikinta, ta roƙi a bar ta ta canza. Wai za ta mayar da shi na auna ruwa a tanki, a san in ya cika. Ta ce da malamin tanki ba ya ƙonewa. Malamin ya ce ta je ta yi tunani zuwa mako mai zuwa.

Tanki.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Saura wata Juma'ar. Na ji motoci suna wucewa, kowace na ɗauka ita ce, alhali na san ba yau ba ne.

An aiko daga Alelu, har yanzu shiru, yayar Fadila ba ta sauka ba. Ya kamata in je. Wa zan bar wa Malam?

Asabar, da hantsi

Kande ta ce in an tashi tana son akuyar, za ta saya da daraja. Na ce ba a tashi ba. Ta ce, "Ai na ce in."

Lahadi, bayan la'asar

Ina shafa masa magani ya ce, "Asabe, zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Kin ji haushina da na ce ma Yaya to."

Na ce ni wa, in ji haushi.

Ya ce, "Kin ji. Tsintsiyarki ta gaya min." Sannan ya ce, "Ba ni iya ce mishi a'a. Tun da ubanmu ya rasu shi na ubana. In ya ce tashi, tashi za ni yi, ko da rarrafe. Amma na san Yaya. Abu guda yake tsoro duniya, haƙƙin mai neman ilimi. In yarinya ta ce aikinta na makaranta bai ƙare ba, kuma ni na abin gwajin, kuma a ɗakin nan anka auna komai, ba shi ɗauke ni shi ɓata mata shekara. Zai ce a bari ta gama."

Na ce, "In ta gama fa?"

Ya ce, "Kafin ta gama ruwa ya sauka. Yaya na gona, hanyar Andarai ta jiƙe. Kafin kaka kuma ko dai abin nan ya koyi ganin kwano, ko ni na koya."

Na ce to ai sai ya kira Yaya yanzu ya gaya masa.

Ya ce, "A'a. Ƙarya kam ba ni yi mishi. Sai in da gaske aikin na nan. In ta bari, ta bari, in hau mota."

Ban gaya masa maganar tanki ba. Na rufe kwalbar magani.

Can ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ko ana iya ɗaura wani ga gwiwa, oho. Injiniya ta sani."

Litinin, azahar

A kashe. A kashe. Salma ma ta daina ɗauka, ina jin an hana ta.

Talata, da sassafe

Fadila, da ke nake yanzu.

Littafin nan ban rubuta shi don kowa ba, har kunya nake ji ki ga rubutuna yadda yake hawa da sauka. Amma kin rufe waya, ni kuma ba ni da ƙafar zuwa Aliero in bar shi. Lukman, wanda ya yi wa babanki yaron mota shekarun baya, yanzu yana jan tasa tsakanin Jega da Aliero. Ya ce zai kai miki har ƙofar makaranta, ba zai ba kowa ba sai ke. Ki karanta duka, har na ranar Laraba. Musamman na ranar Laraba. Ki karanta abin da babanki ya ce ranar Lahadi.

Ban san aikinku ba. Ban san ko ana iya sa wa abin nan ido a ƙasa ba, ko zai ci lokacin da ba ki da shi, ko malaminku zai yarda. In tanki ne zai fitar da ke makaranta lafiya, ba zan ce ki faɗi jarrabawa don mu ba, shi ma ba zai ce ba. Abin da ba na so shi ne ki bari don kina ganin ke kika ƙona shi. Mu uku muka yi wannan aiki, ke da ni da shi da ya ɗaga kai yana taƙama gaban wansa. Ƙafar ta fara bushewa. Jiya har ya taka ta sosai.

Bai ce in rubuto miki ba, bai ma san na rubuto ba. Amma jiya da safe ya lallaba ya ɗauko akwatin a kan kwabet, ya ɗaura da kansa, a karkace. Caji ya ƙare, ba ya cewa komai. Na ce kawo in cire maka, ba ya aiki. Ya ce in bar shi. Da shi ya yi azahar, da shi ya yi la'asar, yanzu ma yana zaure da shi a ƙirji yana shan kunu.

Mota Juma'a za ta zo. In za a kira Yaya, sai a kira shi ranar Alhamis kafin magariba, tun bai sa an zuba mai ba. To ki ba ni amsa kafin la'asar ɗin Alhamis. In za ki ci gaba, ki kira babanki ki gaya masa da bakinki, shi zai san yadda zai yi da Yaya. In ba za ki ci gaba ba, ki gaya wa Lukman, kalma ɗaya ta isa, ba zan yi fushi ba. Kada dai ki bar ni haka. Ban ɗaure ko tsinke ba tukuna, kuma gidan shekara da shekaru ba a ɗaure shi a safiya ɗaya.

Kafin la'asar ɗin Alhamis, Fadila.